HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: ZAMAN IYALI A BIRNI MAI TSADA

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Kazaure da sassafe bayan an gama girbi, zai ga dalilin da ya sa na zaɓi in yi rubutu a kan wannan magana. Motoci suna cika suna tashi, mafi yawansu kuwa Kano suka fuskanta. A ciki akwai samari 'yan cin rani da ƙunshin kayansu, akwai ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, akwai kuma amaren da za a kai ɗakunan mazajensu a birni. Daga Kazaure zuwa Kano wajen kilomita 80 ne. Mota ta bi ta Dambatta, ta ɓulla Dawanau, sai ga mutum a bakin birni. Tafiyar gajeruwa ce, amma zaman da ake yi a can ya sha bamban da wanda muka saba da shi a ƙasashen Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa.

Mu ɗalibai, kusan dukkanmu da wannan hanya muke mafarki. In ka tambayi ɗan ajinmu inda yake so ya zauna bayan ya gama karatu, da wuya ka ji ya ambaci ƙauyensu. Wani ya ce Kano, wani Abuja, wani ma Ikko. Wannan ba laifi ba ne, domin a birni ake samun manyan makarantu da manyan asibitoci da kasuwanni irin su Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari. Sai dai Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ni kuma na lura cewa ko an shiga birnin, akwai sauran aiki kafin a zauna lafiya a cikinsa. Don haka tambayar da nake so mu duba tare, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ita ce: ta yaya magidanci mai matsakaicin ƙarfi zai riƙe iyalinsa cikin rufin asiri da kwanciyar hankali a garin da kome sai an saya?

ME YA SA BIRNI KE DA TSADA?

Da farko dai akwai yawan jama'a. A ƙidayar da aka yi a 2006, ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewayensa suna da mutane fiye da miliyan 2.8. A wannan ƙidaya, in aka haɗa Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa gaba ɗaya, ba su kai mutum 600,000 ba. Daga wancan lokaci kuwa birnin sai ƙara cika yake yi, mu ma muna cikin masu cika shi, tun da har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, yankinmu a cikin Jihar Kano yake, mutanenmu kuma ba su taɓa ɗaukar Kano baƙon wuri ba. To, ƙasa ba ta ƙaruwa, mutane ne ke ƙaruwa. In masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, dole kuɗin haya ya tashi.

Amma babban dalilin, a ganina, shi ne yawan abubuwan da ya zama tilas a saya. Mu duba zaman ƙauye. Mutum yana zaune a gidan da ya gada, ko ya yanki wani sashe na gidan mahaifinsa ya gina ɗaki. Hatsi yana rumbu. Ruwa yana rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa. Kara da itace suna gona. Kuka da kuɓewa da yakuwa suna bayan gida. Gona da masallaci da kasuwa duk da ƙafa ake zuwa. In uwa tana aiki, ga kaka ko gwaggo za ta riƙe mata yaro. Ba na cewa ƙauye ba wahala, akwai ta ƙwarai, musamman in damina ta yi gardama ko ciwo ya tashi da dare. Abin da nake nufi shi ne, mutumin ƙauye yana iya yin kwana uku bai taɓa aljihunsa ba, kuma an ci an sha a gidansa.

A birni kuwa kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan yana da farashi. Mai gidan haya yakan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, dillali kuma ya karɓi la'adarsa. A unguwanni da yawa ruwa sai an tare 'yan garuwa an saya jarka-jarka. Girki sai da gawayi ko iskar gas. Hatsi sai an je awo. Wurin aiki sai an hau mota ko A-daidaita-sahu, wadda ta zama abin hawan talaka tun da aka hana achaɓa a cikin birnin a watan Janairun 2013. Har shara ma wani lokaci sai an biya yaro ya kwashe. Saboda haka albashin da in an faɗe shi a Gwiwa za a riƙe baki, a Kano kafin tsakiyar wata ya zama labari.

TSADAR BA YAU TA FARA BA

Kakanninmu suna ba da labarin kuɗin Udoji, watau ƙarin albashin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi wa ma'aikata bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974. Ma'aikata sun karɓi kuɗi masu kauri a lokaci guda, aka sayi kekuna da rediyo da agogo, wasu suka ƙara aure. Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka ɗaga farashin kaya, ƙarin ya narke. A 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka shiga tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar kuɗin man fetur a kasuwar duniya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin nan da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi.

Wanda mu muka gani da idonmu shi ne na 2023. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Dalar Amurka, wadda take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, ta zarce naira 1,500 a Fabrairun 2024. Wani zai ce, ina ruwan wanda ba shi da mota da kuɗin fetur, ina kuma ruwan wanda bai taɓa ganin dala ba da tsadarta? Ai kuwa da ruwansa. Injin niƙa da injin ban-ruwa da janaretan da ke jawo ruwan da ɗan garuwa zai sayar, da yawansu fetur suke sha. Alkamar da ake yin fulawa da ita, da magunguna da dama, daga waje ake shigo da su da dala. Shi ya sa a Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka fito kan titi a Kano suna kukan tsadar fulawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji da wannan adadi, kowa kuma ya iya sa farashin unguwar da ya sani. Mu ƙaddara magidanci yana kashe naira 1,000 kullum a kuɗin mota, zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22 ya kashe naira 22,000. Mu ƙaddara gidansa na shan jarka 6 ta ruwa a rana, kowace naira 100. A wata naira 18,000 ke nan. Mu ƙaddara hayar ɗaki ciki da falo naira 180,000 ce a shekara, watau naira 15,000 a wata. In aka tara, an sami naira 55,000. Saura naira 15,000, kuma ba a auno ko kwano ɗaya na masara ba, ba a sayi gawayi ba, ba a biya kuɗin makaranta ba, ba wanda ya yi zazzaɓi tukuna. Darasin Udoji yana nan daram: ƙarin albashi kaɗai bai taɓa raba ma'aikacin birni da tsada ba.

ABIN DA BIRNI KE CI BAYAN KUƊI

Akwai wata asara da ba ta shiga wannan lissafi, ita ce ta lokaci. Gida mai sauƙin haya yawanci yana bayan gari, nesa da wurin aiki. Wanda ya gudu daga tsadar haya sai ya faɗa tsadar mota da doguwar hanya. Magidanci ya fita bayan sallar asuba yara suna barci, ya dawo bayan isha'i sun sake yin barci. Wani ma in ya tashi daga aiki sai ya hau A-daidaita-sahu ta haya ya yi ta jigila har dare don ya cike giɓi. Niyyarsa mai kyau ce, don iyalinsa yake yi. Amma a hankali sai ya zama baƙo a gidansa, bai san abokan ɗansa ba, bai san ko 'yarsa ta je Islamiyya ba.

A ƙauye yaro na kowa ne. In ka yi ba daidai ba a bakin kasuwa, kafin ka isa gida labari ya riga ka, wataƙila ma wani dattijo ya riga ya ja maka kunne. A gidan haya na birni kuwa, mai ɗakin da ke kusa da naku daga wata jiha ya zo, bana yana nan, baɗi ya tashi, ba ya son abin da zai haɗa shi rigima da kowa. In uba ba ya nan, uwa kuma aiki ya sha mata kai, to titi da wayar hannu su ne za su yi renon yaro. Ta nan shaye-shaye da daba da ƙwacen waya suke samun 'ya'yan mutanen kirki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA NA GANI A GIDAN KAWUNA

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya bar ƙauyenmu a ƙasar Roni tun kafin a haife ni. Yana aiki a wani kamfani a Kano, yana zaune da matarsa da 'ya'ya biyar a wajen Rijiyar Lemo. A wurinmu shi ne mai kuɗin dangi. In ya zo da salla da farar shadda, mu yara har rige-rigen ɗaukar masa jaka muke yi.

A dogon hutun 2024 aka tura ni gidansa. Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Ashe a farkon shekarar ya ci bashi ya yi gagarumin suna, da rago biyu da anko da abincin da aka yi ta rabo har unguwa ta ɗauka, don kada a ce ya gaza. Kafin ya gama biya sai kuɗin haya ya zo, mai gidan kuma ya yi ƙari. Kullum da safe sai an yi ka-ce-na-ce a kan kuɗin cefane. Ita tana ganin yana da shi rowa ce kawai, shi kuma yana ganin ba ta tattali. Babban ɗansu, wanda muke sa'a da shi, ya daina zuwa makarantar dare, yana zama da wasu samari a bakin kwalbati har ƙarfe goma sha ɗaya, ba wanda ya lura. Rannan rigima ta yi tsanani har matar kawu ta haɗa kayanta.

Allah ya sa a makon kakata ta zo ganin likita. Da dare ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaunar da su biyun, ni kuwa ina gefe ina yi mata fifita. Ta dubi surukarta ta ce, “Ke 'yar nan, kin san abin da mijinki ke samu a wata?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Wallahi Inna ban sani ba.”

Ta juya wajen kawu ta ce, “Kai kuma, ka san kwano nawa ake ci a gidanka a mako?” Kawu ya yi shiru. Sai ta ce, “To, makafi biyu ne ke jan juna. Ubanku bai taɓa ɓoye mini yawan damin da ya shiga rumbu ba, shi ya sa na san yadda zan ɗiba har mu kai wata kaka. Gonarka kuma da ka bar wa ciyawa, tana nan tana jiran ka.”

Da na koma a hutun 2025, albashin kawu bai ƙaru da wani abin kirki ba, gidan ma shi ne dai. Amma zaman ya sake. Matarsa tana nan, ana ta raha, ɗansu kuma ya koma makaranta. Na zauna na tambayi kawu abin da ya yi, na kuma lura da wasu gidajen mutanenmu da ke zaune lafiya a unguwar. Abin da na fahimta shi ne zan jera a nan.

HANYOYIN ZAMA LAFIYA

Ta farko, lissafi a fili tsakanin miji da mata. Kawu ya sayi ƙaramin littafi. In albashi ya zo, su biyu suke zama su rubuta. Kuɗin haya ake fara cirewa, a raba na shekara kashi 12 a riƙa ajiye kashi ɗaya kowane wata, don kada ya zo ya same su ba shiri. Sa'an nan abinci, sa'an nan makaranta, sa'an nan ɗan abin da za a ajiye saboda ciwo. Abin da ya rage shi ne na sutura da biki. Tun da matar ta ga adadin da idonta, zargin rowa ya ƙare, ita ce ma take hana shi wani kashe-kashen. Wasu maza suna ganin faɗa wa mace samunsu zubar da girma ne. Amma wanda zai tafiyar da tukunya ya kamata ya san zurfin buhu.

Ta biyu, kada a yanke igiya da gida. Gida biyu maganin gobara. Kawu ya karɓi gonarsa ya damƙa wa ƙanensa. Shi ke aika kuɗin taki da na ƙwadago da bazara, in an girbe su raba. Da kaka sai ga buhunan gero da dawa da wake sun iso a motar Kazaure. Wannan ya rage masa fiye da rabin wahalar awo, ya kuma taimaki ƙanen da ba shi da kuɗin taki. Daɗin daɗawa, yara suna zuwa ƙauye da hutu, sun san kakanninsu, sun san yadda ake riƙe fartanya. Ranar da aiki ya ƙare ko kamfani ya rufe, kamar yadda masaƙu da dama suka rufe a Kano da Kaduna, wanda ya riƙe gida yana da wurin komawa.

Ta uku, awo a kan lokaci. Wanda ba shi da gona ma yana da dabara. Hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da bazara da tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Mai sayen gwangwani-gwangwani kullum a kantin unguwa shi ya fi kowa biya da tsada. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su je Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan da ke kan hanyarmu, ko su aika kasuwannin ƙauye, su sayi buhu su raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta huɗu, sana'ar cikin gida. Matar kawu tana karɓar gyaɗa daga ƙauye, tana yin mai da ƙuli-ƙuli, mata na aikowa har ɗaki suna saya. Da ribar take zubin adashi, in ta ɗauka ta yi wa yara ɗinkin salla ko ta biya kuɗin littattafai. Amfanin irin wannan sana'a shi ne tana kawo kuɗi ba tare da ta raba uwa da 'ya'yanta ba. Sai dai a kula, kada a ɗora wa yara mata talla har ta hana su makaranta, domin wannan gyaran gangar auzinawa ne, ribar yau asarar gobe.

Ta biyar, daidai ruwa daidai tsaki. Yawancin bashin da ke hana magidanta barci a birni ba na abinci ba ne, na kece raini ne: lefe mai akwatuna barkatai, anko a kowane biki, kayan ɗakin da suka fi ƙarfin uban amarya, babbar waya, makarantar kuɗin da aka sa yaro don ɗan maƙwabci yana can. Addini bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba, mutane ne suka ɗora wa kansu. Waɗanda suka ci shinkafar sunan kawu ba ko ɗaya da ya zo ranar da mai gidan haya ya tsaya a ƙofa.

Ta shida, a ware wa iyali lokaci kamar yadda ake ware kuɗin haya. Kawu ya daina aikin dare sau uku a mako, ko da yake hakan ya rage masa ɗan abin da yake samu. Ya kafa doka cewa tuwon dare tare za a ci, a ajiye waya a gefe. Bayan an ci, sai ya duba littattafan yara, ya ji karatun allonsu. Ran Juma'a tare da 'ya'yansa maza yake tafiya masallaci, da yamma kuma a kai ziyara gidan 'yan'uwa, tun da zumunta a ƙafa take. Ya gaya mini cewa, “Ɗana, na gano kuɗin da nake samu da daren nan, da na ci gaba, a wajen neman maganin ɗan'uwanka zan kashe su.” Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta bakwai, a mai da maƙwabta dangi. Mutumin birni ba shi da gwaggo a bayan katanga, saboda haka sai ya nemi madadinta. Gaisuwa, da zuwa jana'iza da dubiya, da miƙa ɗan kwanon abinci, da ba maƙwabci izinin tsawata wa ɗanka, su ne ke mai da layi ya zama unguwa. Haka kuma zama da mutanen garinku da ke birnin yana da amfani, domin su ne za su fara tsayawa a kanka ranar ciwo ko rasuwa.

WADATAR ZUCI BA LALACI BA CE

Duk hanyoyin nan bakwai a kan tushe ɗaya suke tsaye, watau wadatar zuci. Kada a fahimce ni a karkace. Ba ina nufin mutum ya naɗe hannu ya ce haka Allah ya so ba, kuma ba ina nufin hukuma ba ta da nata nauyin ba. Samar da ruwan famfo, da motocin haya masu sauƙi, da gyara makarantun gwamnati da asibitoci, duk hakki ne a kan masu mulki, in sun yi shi rabin lissafin da muka yi a sama zai ragu. Akwai kuma gidajen da samunsu bai kai ko na abinci ba, waɗanda ba dabarar da za ta ishe su sai an taimaka musu da zakka da sadaka da aikin yi. Abin da nake nufi da wadatar zuci shi ne mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen nema, sa'an nan ya auna rayuwarsa da abin da ya samu, ya daina auna ta da abin da ya hango a gidan wani. Birni kasuwar ido ce. Kullum za ka ga motar da ta fi taka, da gidan da ya fi naka. Wanda bai iya kau da kai ba, ko nawa yake samu a cikin talauci zai mutu.

SHIN DOLE NE SAI AN TAFI?

Kafin in rufe, ya kamata mu tambayi kanmu wannan. Yankinmu na yau ba na jiya ba ne. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga madatsar ruwa da ake noman rani da kamun kifi. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. A watan Fabrairu na wannan shekara kuma aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a Jigawa har ƙasashen waje ake kai su. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke zaune a Roni, yana karɓar albashi yana kuma noma gonarsa, sau da yawa ya fi takwaransa na Kano ajiya a ƙarshen shekara.

Wasu kuma sukan bar iyali a gida su yi aiki a birni, su riƙa zuwa ƙarshen mako. Wannan yana rage kuɗin haya da na abinci, yara kuma suna tashi a gaban kakanni. Amma shi ma yana da nasa ciwon, domin kuɗin mota ya yi tsada, mako yakan zama wata, wata ya zama watanni, nauyin tarbiyya duk ya koma kan uwa. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya riƙe alkawarin zuwa gida kamar yadda yake riƙe lokacin aiki.

Ina roƙon iyayenmu na gida su rage ɗora wa 'yan'uwanmu na birni buƙatun da suka fi ƙarfinsu. Farar shaddar da suke zuwa da ita ran salla ba ita ce shaidar aljihunsu ba, wani ma kunyar dawowa hannu sake ce ke hana shi zuwa gida. Mu kuma ɗalibai, tun yanzu ya kamata mu fara koyo. Wanda ya iya tattalin garin kwaki da sukarin da aka haɗo shi da su har su kai shi ranar ziyara, ya fara sanin yadda ake riƙe gida. Mu dage da karatu, mu haɗa da sana'ar hannu, kada kuma mu raina fartanya. In Allah ya kai mu birni, mu shiga da lissafi, mu tuna da hanyar Dambatta da ta kai mu ita ce kuma mai dawo da mu.

Allah ya rufa wa iyayenmu asiri, ya sa albarka a cikin abin da suke samu, ya ba mu ikon saka musu da alheri, amin.